Gyaran Makaranta Daga Ofishin Malamai Yake Farawa

 



An nemi mu yi magana a kan masana halayyar ɗan Adam da suka ƙarar da rayuwarsu wajen nazarin yadda mutane ke tafiya a cikin rukuni, da abin da bincikensu ya gano game da gyaran makarantu. Da farko mun so mu noƙe, domin mu ba farfesoshi ba ne. Takardar NCE ce a hannunmu, sai kuma shekara ashirin da 'yan kai na ƙurar alli a ajin firamare. Amma da muka sake tunani, sai muka ga cewa ajin da waɗannan masana suka yi ta rubutu a kansa, ai shi ne inda muke wuni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka tambaya ɗaya muka zo da ita, wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya: me ya sa duk gyaran da aka ɗauko daga sama yake isowa ƙofar makaranta da ƙarfinsa, amma kafin ya shiga aji ya riga ya galabaita?

Bari mu fara da abin da muka gani da wanda magabatanmu suka gani. A watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Masu tsara shirin sun yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Aka rasa azuzuwa, aka rasa malamai, aka shiga horar da su cikin gaggawa. Wasu daga cikin iyayenmu da ke zaune a nan ta wannan ƙofa suka shigo aikin, sun kuma san yadda aka yi karatu a gindin bishiya. A 1982 aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4, wanda mu a ƙarƙashinsa muka yi karatu. An yi alkawarin yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawa daga cikinsu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, don babu ɗakin koyon sana'a, babu wuta, babu malamin da aka koya wa sarrafa su. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarsa ta biyo baya a 2004. Daga 2008 shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, ya shigo Kano da bitoci da kwamitocin kula da makarantu. A 2019 jiharmu ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, sannan a watan Yunin 2024 aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Ba mu kawo wannan jeri don mu kushe kowa ba. A cikin kowane shiri akwai alheri, an gina azuzuwa, an raba littattafai, yaran da ba su taɓa sa ran riƙe fensir ba sun riƙe. Sai dai kowannenmu ya san yadda bita take ƙarewa. A tara mu kwana uku a zaure, mai gabatarwa ya yi ta bayani, mu yi ta rubutu, a ba mu jaka da takardar shaida da ɗan alawus na mota. Ranar Litinin mu koma aji, yara sun cika shi maƙil har bakin allo, abokin aikinmu na ajin kusa bai je bitar ba, shugaban makaranta yana jiran tsarin darasi irin na da. Bayan mako biyu jakar tana rataye a ƙusa, mu kuma mun koma gidan jiya. Sai a ce malamai ba sa son canji. Wannan zargi shi ne abin da muke so mu auna da ma'aunin bincike.

Mutum na farko da za mu ambata shi ne Kurt Lewin. An haife shi a 1890 a wani ƙaramin gari da ke cikin ƙasar Poland ta yanzu, ya yi karatu ya kuma koyar a Jami'ar Berlin ta Jamus, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya har ya ji rauni. Bayahude ne, don haka da Hitler ya hau mulki a 1933 sai ya bar ƙasar ya koma Amurka. Mahaifiyarsa ba ta samu fita ba, a hannun 'yan Nazi ta mutu. Mutumin da ya ga yadda al'umma mai ilimi ta miƙa wuya ga mai kama-karya, ba abin mamaki ba ne ya mayar da sauran rayuwarsa ga tambayar yadda shugabanci ke canza halin jama'a.

A Jami'ar Iowa, shi da abokan aikinsa Ronald Lippitt da Ralph White suka yi wani gwaji wanda aka wallafa sakamakonsa a 1939. Sun tara yara maza 'yan shekara 10 zuwa 11, suka raba su rukuni-rukuni na mutum biyar, suna haɗuwa bayan tashi daga makaranta suna aikin hannu. Kowane rukuni aka ba shi babban mutum ya jagorance shi ta ɗaya daga hanyoyi uku. Na farko mai kama-karya ne, shi ke yanke komai, ba ya faɗin abin da zai biyo baya. Na biyu mai shawara ne, yana zama da yaran a tsara aiki tare, yana ba da ja-gora. Na uku ɗan ba-ruwana ne, ya ajiye kayan aiki ya koma gefe. Ana kuma jujjuya shugabannin, ta yadda yaran da suka ɗanɗana wannan salo za su ɗanɗana wancan.

A ƙarƙashin mai kama-karya aiki ya yi yawa, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba, amma muddin yana tsaye a kansu ne. Da zarar ya fita daga ɗakin sai aiki ya tsaya. Wasu rukunan suka zama mafaɗata, su taru su matsa wa ɗaya daga cikinsu, wasu kuma suka yi laƙwas kamar an zare musu laka. A ƙarƙashin ɗan ba-ruwana aiki ya yi ƙaranci, shiririta ta yi yawa. A ƙarƙashin mai shawara kuwa, ko ya fita aiki yana ci gaba. Abin lura shi ne, yaran nan su ne dai, ba a sauya su ba. Yanayin zaman aka sauya, halinsu ya bi shi.

'Yan'uwa, wanene a cikinmu bai san wannan ba? Akwai ajin da in malami ya leƙa ofis minti biyu sai ka ji kamar kasuwar Tarauni ce ta ci, monita yana rubuta sunaye, ƙarfafa suna dukan raunana. Akwai kuma ajin da za ka wuce ta taga ka tarar malama ba ta nan, amma yara suna biya wa juna karatu. Mukan ce wancan aji na 'yan taurin kai ne, wannan na masu tarbiyya. Gwajin Lewin yana gaya mana mu dubi yadda ake tafiyar da ajin kafin mu yanke wa yaran hukunci. Kuma abin da ya tabbata a kan yaro a gaban malami, ya tabbata a kan malami a gaban shugabansa. Makarantar da rajistar zuwa da tsoron mai duba aiki kaɗai ke riƙe da ita, ranar da shugaba ya tafi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ranar hutu ce.

Gwaji na biyu ya fi shafar maganar bita. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu nama ya yi ƙaranci a Amurka, hukuma ta so matan gida su riƙa dafa kayan ciki irin su zuciya da ƙoda, abin da mutanen can ke ƙyama, ko da yake mu a nan mun san daɗinsu. Lewin da mutanensa suka raba matan gida biyu. Kashi na farko aka kawo musu gwanar bayani ta yi musu lacca mai kyau, ta faɗi amfanin abincin, ta raba takardun yadda ake girka shi. Kashi na biyu aka zaunar da su suka tattauna a tsakaninsu, kowa ta faɗi abin da ke hana ta, ko wari ne, ko tsoron maigida zai ƙi ci, aka nemi mafita tare, a ƙarshe aka ce wadda ta yi niyyar gwadawa ta ɗaga hannu a gaban 'yan'uwanta. Da aka bibiya daga baya, kashi 3 cikin ɗari na masu sauraron lacca ne suka dafa, amma a cikin masu tattaunawa kashi 32 ne. Bayanin da aka ba su iri ɗaya ne. Bambancin shi ne, waɗannan an yi musu magana, waɗancan kuwa su suka yanke shawara a cikin jama'arsu.

Daga nan Lewin ya fahimci cewa ɗabi'ar mutum a ɗaure take da ta rukuninsa, kuma sauya rukuni gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan a ciro mutum ɗaya a sauya shi a mayar da shi cikin waɗanda ba su sauya ba. Wannan shi ne ciwon bitocinmu. A zaɓi malami ɗaya ko biyu daga kowace makaranta, a cika su da sabon salo, a mayar da su ofishin malamai inda za a tarbe su da, “To, Malam an dawo daga cin alawus?” Mutum ba ya son ya zama saniyar ware a cikin abokan zamansa, don haka sai ya naɗe abin da ya koyo ya ajiye. A 1945 Lewin ya kafa cibiyar nazarin mu'amalar rukuni a babbar makarantar fasaha ta Massachusetts, ya kuma yi kira ga wani irin bincike wanda masu aikin da kansu za su tsara, su gwada, su duba sakamako, su sake gyarawa. Ya rasu a 1947 yana da shekara 56.

Mutum na biyu shi ne Seymour Sarason, wanda aka haifa a birnin New York a 1919, ya koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale tun daga 1945 har fiye da shekara arba'in, ya rasu a 2010. Ya yi nazarin fargabar da jarrabawa ke jefa yaran firamare a ciki, amma yawan shiga makarantu ya sa ya gane cewa ba za a fahimci yaro ba sai an fahimci gidan da yake wuni. A littafinsa na 1971 a kan al'adar makaranta da matsalar kawo canji, ya ba da misalin sabon salon koyar da lissafi da aka shigo da shi makarantun Amurka bayan Rasha ta riga su harba tauraron ɗan Adam a 1957. Masana jami'a suka rubuta manhaja, aka buga sababbin littattafai, aka yi wa malamai gajeriyar bita. Littafi ya sauya, amma yadda malami ke tsayawa yana zuba yara suna haddacewa bai sauya ba, don ba wanda ya taɓa shi.

Sarason ya ce mu ɗauka wani baƙo ne ya sauko daga wata duniya, ba ya jin harshenmu, yana kallon makaranta daga sama yana ƙirga abin da ke maimaituwa kullum. Abin da zai gani shi ne al'adar makarantar ta haƙiƙa, ba wadda aka rubuta a takarda ba. Zai ga malami yana jefa tambayoyi da dama a darasi guda, yara kuwa da ƙyar su yi ɗaya ko biyu. Zai ga babban mutum ɗaya a kulle da yara tun safe har azahar, ba ya ganin aikin ɗan'uwansa, ba a ganin nasa. A 1990 ya sake fitar da wani littafi wanda sunansa kaɗai ya isa wa'azi, domin yana nufin cewa faɗuwar gyaran ilimi aba ce da za a iya hango ta tun kafin a fara, muddin ba a taɓa yadda iko yake tsakanin hukuma da shugaba, da shugaba da malami, da malami da ɗalibi ba. Babbar hujjarsa ita ce, malamin da ba a ba shi yanayin da zai yi tambaya ya ƙaru ba, ba zai iya samar wa yara wannan yanayi ba. Wanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, da wuya ya tambayi na yaro.

Kada wani ya ce wannan duk zancen Turawa ne. Asibitin koyarwa da muke wucewa kullum a kan titin Zariya sunan malamin makaranta yake ɗauke da shi. Malam Aminu Kano ya koyar a Midil ta Bauchi a shekarun 1940, inda shi da Malam Sa'adu Zungur da wasu suka raya zauren tattaunawa da ma'aikata da malamai ke zama suna muhawara a kan al'amuran ƙasa, har abin ya tsone wa hukuma ido. Ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, kafin ya koyar a kwalejin horar da malamai ta Maru. Tun kafin ya shiga siyasa ya gane cewa malamai a warwatse ba su da murya, kuma tunani a zaure yake nuna, inda kowa ke da damar magana.

Haka kuma tsangayar da ke lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku ta riga mu sanin sirrin rukuni. Alaramma ɗaya yana riƙe da almajirai masu yawa, amma ba shi ke biya wa kowa ba. Gardi yana biya wa titibiri, titibiri yana lura da kolo, kowa da inda allonsa ya tsaya, kowa kuma yana da na gaba da shi da zai tambaya. Ko me za a ce game da halin rayuwar almajiri, kuma akwai abin cewa, wannan tsari na karatu hikima ce da ta dace da ajin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Manomanmu ma sun san aikin gayya, iyayenmu mata sun san adashi. Mu ne muka shiga aji muka rufe ƙofa, kowa ya zama sarkin kansa.

Ta fuskar bincike ma Kano ba a bar ta a baya ba. A 1977 jihar nan ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, gyaran da a gida aka haife shi, wanda ya samar mana da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero a kan waɗannan makarantu ya yi binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya kammala a 1988, daga baya ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa daga 2016 zuwa 2021. Darasin da muke ɗauka a nan shi ne, ɗan Kano ya ɗauki makarantar Kano a matsayin abin da ya cancanci nazari mai zurfi, duniya kuma ta saurare shi. Ajin firamare na Tarauni bai gaza wannan daraja ba.

Yanzu bari mu faɗi abin da muka gwada da hannunmu, don gani ya kori ji. A makarantar da muke koyarwa, mu huɗu masu riƙe da aji huɗu da aji biyar muka yi shawara mu zama wancan baƙo na Sarason ga junanmu. In ɗaya yana da sarari sai ya shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna a baya da takarda, ba don ya ba shi maki ba, sai don ya ƙirga abu biyu kawai: tambaya nawa yara suka yi, kuma su wa malami ya kira. Ranar da aka ƙirga namu mun ji kunya. A darasi guda ba yaron da ya yi tambaya ko ɗaya, waɗanda muka kira kuwa duk 'yan layin gaba ne, yawancinsu maza. Akwai wata yarinya a lungun baya wadda muka shekara da ita muna ɗaukar ta marar ƙoƙari, ashe allon ne ba ta gani, ba ta kuma taɓa samun fuskar faɗa ba.

Muka raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da mai ɗan ƙoƙari a ciki, muka riƙa juya wurin zama duk mako, muka ware minti biyar na ƙarshen darasi don tambayar yara kaɗai. Ba za mu ce komai ya tafi daidai ba. Makon farko hayaniya ta yi yawa har maƙwabcinmu ya kawo ƙara. Wasu shugabannin rukuni suka zama ƙananan fir'aunoni, suna karɓar alewa kafin su biya wa yaro karatu, sai da muka mayar da shugabancin na karɓa-karɓa. Ɗaya daga cikinmu huɗu ya janye, ya ce ba a biyan sa kuɗin wannan wahala, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma mu ukun da muka rage muka ci gaba da zama duk ranar Alhamis bayan tashi, rabin sa'a, a gindin darbejiya. Kafin ƙarshen zango yara sun fara ɗaga hannu suna tambaya, har da abin da ba mu da amsarsa, yarinyar nan kuma da aka dawo da ita gaba, aka gaya wa mahaifinta ya kai ta a duba idonta, ta fara haɗa baƙi tana karantawa. Mun tabbata da mutum ɗaya ne ya ɗauko wannan aiki, da tun makon hayaniya ya ajiye shi. Kunyar juna da ƙarfafa juna ne suka riƙe mu.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci, kuma suna da gaskiya. Za su ce, Malam, ana maganar albashin da ba ya kai tsakiyar wata, da ƙarin girman da ke makalewa, da rufin da ke yoyo, da yara fiye da ɗari a ɗaki ɗaya, kai kana maganar zama a gindin bishiya. Ba mu ce tattaunawa za ta maye gurbin haƙƙi ba. Malamin da ya fito gida bai bar cefane ba, rabin hankalinsa ne ke aji, kuma wajibi ne ƙungiya ta ci gaba da tsayawa a kan wannan ba tare da sassauci ba. Abin da muke cewa shi ne, neman a saurare mu shi ma haƙƙi ne, kuma mun daɗe muna barin sa a ƙasan takardar buƙatunmu. In aka gyara albashi aka bar malami a matsayin wanda ake aiko wa umarni kawai, gyara na gaba ma a ƙofa zai tsaya, kuma mu za a sake ɗora wa laifi. Masu asara ta haƙiƙa kuwa su ne yaran da za su gama aji shida ba su iya karanta wasiƙa ba, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne da na maƙwabtanmu.

Saboda haka muna miƙa roƙo huɗu. Ga shugabannin reshe, muna roƙon a kafa zaman tattaunawa na malamai a kowace shiyya, ko sau ɗaya a wata, inda za a kawo matsala ɗaya ta aji, a yanke abin da za a gwada, a dawo a faɗi abin da aka gani, a kuma ware shafi a wannan mujalla tamu don buga sakamakon, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ga iyayenmu shugabannin makarantu, muna roƙon taron malamai ya daina zama wurin karanta sanarwa kawai. A bar ƙaramin malami ya yi magana kafin manya su rufe, domin in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, kunya ba za ta bar na ƙasa ya saɓa ba. Ga hukumomin ilimi, tun daga ofishin ƙaramar hukuma har zuwa SUBEB, muna roƙon in za a yi bita a ɗauki makaranta ɗungurungum da shugabanta, a zo a same mu a ajinmu, a kuma tambaye mu tun ana tsara shiri, ba bayan an buga littafi ba. Ga ƙannenmu matasan malamai da ke ƙaro karatu a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantu, muna roƙon in lokacin rubuta kundin bincike ya zo, kada ku kwafi na wani, kada ku raba takardar tambayoyi ku cike da kanku. Ajin da kuke koyarwa shi ne ɗakin gwajinku, kuma abin da za ku gano a cikinsa babu farfesan da ya riga ku sani.

Ku kuma iyalanmu, matanmu da mazajenmu da 'ya'yanmu, muna gode muku da haƙurin zama da mai aikin da ladansa ya fi albashinsa. In kun ga mun yi jinkirin dawowa ranar zaman malamai, ku yi mana uzuri. Kuma in yaro ya dawo daga makaranta, bayan kun tambaye shi abin da aka koya masa, ku ƙara da tambayar abin da shi ya tambaya. Yaron da ake sauraro a gida shi ke iya buɗe baki a aji.

Lewin da Sarason sun tafi, Malam Aminu da Malam Sa'adu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da suka bari a hannunmu mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar aikatawa: mutane suna riƙe abin da aka yanke da su, suna sakin abin da aka yanke musu. Ranar Litinin mai zuwa kowannenmu zai iya gayyatar abokin aikinsa ya zauna a bayan ajinsa da takarda da biro. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa, ba ya buƙatar ko sisin kwabo.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka rasu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a cikin aikinmu da zuriyarmu, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman afuwa.